Aikin gyaran ido da hasken leza: me ake sassaƙewa, me ke saura?

Duk wanda ya daɗe da tabarau ya san ƙananan wulaƙancin da yake jawo wa mutum. Ka farka da asuba kana lalube a gefen katifa. Ka zo alwala ka saƙale shi a wuyan riga, ka sunkuya wanke ƙafa ya faɗa kwata. Ka ɗaga kofin shayi, tururi ya rufe maka gani ruf. Saboda haka idan aka ce wa mutum akwai aikin da bai wuce kwata ɗin awa ba wanda zai raba shi da wannan kaya, ba abin mamaki ba ne ya fara tambayar kuɗin jirgin Alƙahira ko Indiya ko Dubai, ko ya nufi asibitocin kuɗi na Legas.

Aikin ba damfara ba ne. Miliyoyin mutane sun yi, yawancinsu kuma suna murna. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, leza ba ta warkar da ido. Sassaƙa take yi, kuma abin da aka sassaƙe ba ya tsirowa.

A gaban ido akwai wata fata garai-garai mai kama da gilashin agogo, wadda ta lulluɓe baƙin ido. Likitoci suna kiranta koniya. Ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Ragowar aikin na wani ɗan madubi ne da ke ciki, bayan baƙin ido, wanda idan ya yi hazo muke cewa mutum ya yi yana. Hasken da waɗannan biyun suka tattara tilas ya sauka daidai a kan tantanin da ke bangon bayan ido, wato retina. Ƙwayar idon baligi tana da tsawon milimita 24 ko kusa da haka. In ta zarce da milimita ɗaya kacal, hasken zai haɗu tun bai kai bango ba, mutum ya koma ba ya shaida fuska daga nesa, sai an ba shi tabarau mai lamba wajen -2.5 zuwa -3. In ƙwayar ta gaza tsawo, abin kusa ke fara gagara. In kuma koniyar ce ba ta zagaye daidai ba, ta yi kamar bayan cokali maimakon bayan ƙwarya, komai sai ya riƙa jan inuwa, na kusa da na nesa.

Babu likitan da zai rage wa ƙwayar ido tsawo. Abin da zai iya shi ne ya sauya wa koniya siffa, ya ɗan baje tsakiyarta don hasken ya ja da baya ya sauka inda ya kamata. A taƙaice, lambar tabarau ɗinka ake sassaƙawa a jikin idonka.

Kafin zuwan leza, da wuƙa aka gwada. A shekarun 1970, wani likita a Mosko mai suna Svyatoslav Fyodorov ya yi fice da tsaga koniya layi-layi kamar sifokin keke, don ta saki jiki ta baje. Da farko an yi ta sambarka. Da Amurkawa suka bi sawun waɗanda aka yi wa har tsawon shekara goma, sai aka ga kashi 43 cikin ɗari na idanun sun ci gaba da bajewa, wasu har suka zarce, masu su da a da ba sa ganin nesa suka koma neman tabarau ta ɗaya ɓangaren. Ina kawo wannan ne don a riƙe cewa sakamakon wata uku daban, na shekara goma daban.

Ita kuwa leza, labarinta ya faro ne da ragowar naman talotalo. A ƙarshen 1981, Rangaswamy Srinivasan da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka haska wa guringuntsin talotalo wani nau'in leza, suka ga ya yanke shi tsaf ba tare da ya babbake gefen wurin ba. Wannan shi ne sirrin duka. Hasken ba ya ƙona nama, tsinka shi yake yi ya tashi kamar ƙura, kowane bugu yana ɗauke kusan rubu'in maikuron ɗaya. Maikuron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashi guda yakan kai maikuron 70. A 1988 Marguerite McDonald ta yi aikin a idon mutum a birnin New Orleans, a wajajen 1990 kuma Ioannis Pallikaris na tsibirin Kirit a ƙasar Girka ya fito da salon da aka fi sani yau, LASIK. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da salon farko, wato PRK, a 1995, LASIK kuma a ƙarshen shekarun 1990.

Salo uku ake yi yanzu. A PRK, wanda shi ne tsohon, ana kankare siririyar fatar da ke saman koniya, a sassaƙa abin da ke ƙarƙashi, a rufe da ɗan gilashi mai taushi har fatar ta tsiro cikin kwana uku zuwa biyar. Waɗannan kwanakin akwai raɗaɗi da hawaye, gani kuma ba ya washewa sosai sai an yi makonni. A LASIK, ana yanka wani ɗan marfi a saman koniya, a buɗe shi kamar shafin littafi, a sassaƙa ciki, a mayar da shi ba ɗinki. Mutum yana farke ake yi, an ɗiga masa maganin kashe zafi, an sa wani ƙarfe ya riƙe fatar ido don kada ya ƙifta. Zai ji an danne idon, gani ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya ji ƙas-ƙas-ƙas da wani wari kamar na ƙonannen gashi. Washegari da yawa suna karanta allon gwaji har ƙasa. Wannan saurin shi ya sa LASIK ya yi kasuwa. Na uku, SMILE, wanda FDA ta amince da shi a 2016, ba a buɗe marfi. Leza ke yanka wani ɗan faifai a cikin naman koniya, a zaro shi ta ƙofar da ba ta wuce milimita biyu zuwa huɗu ba.

To, me ke faruwa bayan an yi? Binciken da ya fi dacewa a duba shi ne wanda FDA ta yi a kan LASIK tare da cibiyar binciken ido ta Amurka da ma'aikatar tsaro, aka buga a 2017, domin an tambayi masu idon ne da kansu, ba allon gwaji kaɗai aka dogara da shi ba. Mutum 574 ne, wasu sojojin ruwa, wasu farar hula. Fiye da kashi 95 cikin ɗari sun ce sun gamsu da ganinsu. Wannan ita ce lambar da za ka gani a kowace takardar talla. Amma a cikin binciken nan dai, daga cikin waɗanda ba su da wani ƙorafi kafin aiki, har kashi 46 sun ce bayan wata uku sun samu aƙalla sabon abu ɗaya: zoben haske a kewayen fitila, ko tartsatsin haske, ko ƙyalli, ko gani biyu-biyu. Har kashi 28 na waɗanda ba su san bushewar ido ba sun fara fama da ita. Waɗanda abin ya tsananta har ya hana su harkokinsu ba su kai kashi ɗaya ba.

Duka lambobin nan gaskiya ne, kuma ba su ƙaryata juna. Mutum na iya gamsuwa alhali yana ganin zobe a jikin fitila, don a wurinsa hakan ya fi laluben tabarau. Amma kashi ɗaya ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa lafiyayyen ido aka taɓa, wanda tabarau ke gyara shi tas. Morris Waxler, wanda yana cikin jami'an FDA da suka duba na'urorin LASIK kafin a amince da su, daga baya ya juya ya nemi hukumar ta janye amincewar. Ba ta janye ba, amma a 2022 ta fitar da daftarin ƙa'ida da ke neman a riƙa bai wa mutum bayanin haɗurran a rubuce dalla-dalla kafin ya sa hannu.

Maganar dare ta cancanci a tsaya a kanta. Allon gwaji a ɗaki mai haske yake, baƙaƙen haruffa a kan fari. Mutum na iya karanta layin 6/6, wato ma'aunin cikakken gani, likita ya ce ma sha Allah, an yi nasara. Da dare kuwa ramin tsakiyar baƙin ido yakan buɗe don ya kwashi haske, wani lokaci har ya wuce iyakar inda aka sassaƙa, hasken da ya shigo ta gefe ya watse. Ɗauki direban da ke tasowa daga Zariya zuwa Kano bayan isha'i, tirela ta taho ta dalle masa fitila ba ta rage ba. Idan kowace fitila ta koma masa kamar fure mai tartsatsi, ga mai babur a gefen titi ba danja, 6/6 ɗin da aka rubuta a fayil ba ta tsinana masa komai ba. Na'urorin yanzu sun rage wannan matsala ƙwarai, kuma ga yawancin mutane tana lafawa cikin watanni. Duk da haka, wanda abincinsa ke kan tuƙin dare ya kamata ya faɗa wa likita tun a zaman farko.

Bushewar ido kuwa dalilinta a fili yake. Koniya cike take da jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ido na buƙatar hawaye. Yankan marfi yana tsinka su. Kafin su sake tsirowa, wata shida zuwa shekara, idon yana bushewa bai sani ba, mutum ya riƙa jin kamar an watsa masa yashi. PRK da SMILE ba su kai LASIK tsinka jijiyoyin ba. Ga mazaunin Sakkwato ko Damagaram wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda aka yi wa aiki a Disamba ya dawo ya faɗa cikin hunturu, ga ƙura, ga busasshiyar iska, ga fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, ya haɗa wa idonsa zafi biyu. Da ni ne, damina zan nufa. Haka kuma makon farko ba a son ruwa ya shiga idon, ba a murza shi, ba a sa kwalli, don haka a tambayi likita yadda za a yi da wanke fuska wajen alwala tun kafin a bar asibiti. Wanda aka yi wa PRK kuma sai ya lizimci baƙin tabarau na tsawon watanni, domin zafin rana na iya sa wurin ya yi hazo.

Babban abin tsoro dai shi ne koniya ta raunana ta fara bultsowa. A nan lissafi ke shigowa, kuma lissafin mai sauƙi ne. Kaurin tsakiyar koniya a matsakaici maikuron 540 ne ko kusa. Marfin LASIK yakan ci wajen 110. Kowace lamba ɗaya ta tabarau tana cin 12 zuwa 15. Abin da ya rage a ƙasa shi ke riƙe da matsin ruwan da ke cikin ido, kuma tsohuwar ƙa'ida ta ce kada ya gaza 250, likitoci da yawa ma sun fi son 300. Mai kauri 540 da lamba -4 zai tsira da wajen 370, lafiya lau. Mai kauri 490 da lamba -8 zai tashi da wajen 265. An yi masa aikin, yau yana gani tar, amma an bar shi da katanga mai sirara. Bayan shekara biyu ko biyar tana iya fara turowa gaba, gani ya lalace ta yadda tabarau ma ba zai gyara ba. Bincike a wurare daban-daban ya nuna baƙar fata sukan fi Turawa sirarar koniya a matsakaici, don haka awon nan ya fi shafarmu.

Akwai ma waɗanda koniyarsu ke da wannan raunin tun asali, ba su sani ba. Yaron da ya taso da ƙaiƙayin ido, kullum yana murza, farin idonsa ya yi ja-ja kamar ƙasa, ya girma lambar tabarau ɗinsa na canzawa duk shekara, shi ne ya fi kowa ƙosawa da tabarau, kuma shi ne bai kamata leza ta kusance shi ba. Ana gano shi da hoton taswirar koniya, gaba da baya. Abin da yake buƙata wani aiki ne daban da aka ƙirƙiro a birnin Dresden na Jamus, inda ake jiƙa koniya da sinadarin bitamin B2 a haska mata wani haske don zarenta ya ƙara ɗaurewa. Wannan yana tsayar da cutar ne, ba ya raba mutum da tabarau.

A ganina, sakamakon aikin leza a ɗakin awo ake yanke shi, ba a ɗakin tiyata ba. Likitan da ya ce maka, “Malam, idonka bai dace ba, ka riƙe tabarau ɗinka,” ya fi wanda ya yi maka ragi alheri. Wanda bai kai shekara 18 ba, wanda lambarsa ba ta tsaya wuri ɗaya ba na aƙalla shekara guda, mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon sukari da bai daidaita ba, mai bushewar ido tun asali, duka ana ce musu su dakata ko su haƙura.

Sai kuma abin da ke ba mutane haushi daga baya, alhali ba laifin aikin ba ne. Daga shekara 40 zuwa 45, ɗan madubin cikin ido yana fara taurin da zai hana shi lanƙwasawa don ganin abin kusa. Kowa sai ya sha wannan. Telan da a da yake zura zare a allura ko bai duba ba, sai ka ga yana miƙa hannu nesa yana ƙanƙance ido. Leza ba ta taɓa wannan madubin ba, don haka ba ta hana shi tsufa. Abin ban haushin ma, mai lamba -2 da ya kai shekara 45 yakan cire tabarau ya karanta Alƙur'ani ko saƙon waya ba wahala. In aka yi masa leza, ya samu nesa ya rasa kusa, ya sauya wani tabarau da wani. Wasu likitocin sukan gyara ido ɗaya don nesa su bar ɗayan don karatu. Ƙwaƙwalwar wasu na karɓa, ta wasu ba ta karɓa, don haka akan gwada da gilashin da ake liƙawa a ido na 'yan kwanaki kafin a sassaƙa.

Ƙwayar idon da ta yi tsawo ma tana nan da tsawonta. Mai lamba -8 da ya jefar da tabarau har yanzu retinarsa a miƙe take, tana iya yagewa ko ta ɓanɓaro, kamar dai kafin aiki. Ga kuma hawan jinin ido, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma kuma yake cin gani shiru ba ciwo. Na'urar da aka fi auna matsin ido da ita tana danna koniya ne ta ji taurinta. Koniyar da aka sirance takan ba da lambar da ta gaza ta gaskiya, a ce wa mutum lafiyarsa ƙalau alhali jijiyar ganinsa na mutuwa. Duk wanda aka yi wa leza, duk asibitin idon da ya shiga har ƙarshen rayuwarsa, ya fara da faɗin haka.

Ga wanda lambarsa ta yi yawa ko koniyarsa ta yi sirara, akwai dashen madubi da ake kira ICL. Ba a sassaƙa komai. Ana zura wani ɗan madubi mai taushi ta ƙaramar ƙofa, a zaunar da shi bayan baƙin ido, gaban madubin halitta. Yana gyara har lamba -20, ganin da yake bayarwa yana da kyau, kuma ana iya cire shi. Sabon samfurinsa mai ɗan rami a tsakiya don ruwan ido ya riƙa wucewa ya samu amincewar FDA a 2022. Sai dai an shiga cikin ido ke nan, ba a tsaya a bakin ƙofa ba, don haka haɗarinsa wani iri ne: yana iya jawo yanar ido da wuri, ko hawan matsi, ko, a nadiran, ƙwayar cuta ta shiga ciki. Ga tsada.

Ga wanda ya haura 50, wani lokaci akan cire madubin halitta ɗungurungum a sa na roba, aikin yanar ido ke nan tun yanar ba ta zo ba. Asalin wannan dabara daga Harold Ridley ne, wanda ya lura cewa ɓarɓashin robar murfin jirgin yaƙi da ya shiga idon matuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu yana zama lafiya ba ya ruruwa, ya yi dashen farko a Landan a 1949. Ga dattijo wannan na da ma'ana, tunda yanar na tafe ko ba jima ko ba daɗe. Ga matashi asara ce, don za a ɗauke masa madubin da ke iya lanƙwasawa a ba shi sandararre. Madubai masu ba da nesa da kusa lokaci guda kuma su ma suna zuwa da nasu zoben hasken da dare.

Gilashin da ake liƙawa a ido ba aiki ba ne, amma ba shi da sauƙin da ake zato. Wanda ke kwana da shi, ko yake wanke shi da ruwan famfo ko na rijiya, yana iya kamuwa da gyambon koniya mai makantarwa. Akwai kuma mai tauri da ake kwana da shi da gangan don ya danne koniya, a cire da safe a wuni ana gani. Da an daina sawa, ido ya koma yadda yake.

A gefe guda, duk wannan magana ta masu hali ce. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa rashin tabarau kawai shi ne babban dalilin raunin gani mai sauƙi da matsakaici, yanar ido kuma ita ce kan gaba wajen makanta. Ya kuma gano cewa fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka tura madubin ciki da tsinke, mafi yawansu kuma suka ƙare a makance. Layin da ke Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano ba na masu gudun tabarau ba ne.

Wanda ya yanke shawarar tafiya waje kuwa, matsalarsa ta fi yawa bayan ya dawo. Ana son a duba ido washegari, da bayan mako, da bayan wata, da bayan wata uku. Maganin ɗigawa da ake bayarwa don hana kumburi yana ɗaga matsin idon wasu, kuma ba a ganewa sai an auna. Wasu lambar takan ɗan dawo, a buƙaci ƙarin gyara. Wanda ya yi kwana huɗu a Alƙahira ya hawo jirgi, wa zai duba masa duk wannan? Ya sami likitan ido a gida tun kafin ya tafi, su yi magana. Sannan kada ya baro asibitin can sai da takardunsa a hannu: lambar tabarau ɗinsa ta asali, kaurin koniya da lanƙwasarta kafin aiki, irin salon da aka yi, da yawan abin da aka sassaƙe. Nan da shekara ashirin ko talatin, ranar da yana ta zo, likitan da zai lissafa ƙarfin madubin da zai dasa masa zai tambaye shi waɗannan lambobin, domin lissafin da aka saba yi yakan kuskure a idon da leza ta taɓa.